Bugun gwiwa a damben Tailan: daga ina ake farawa, kuma wa ya cancanci ya koyar?

Sabon Hannu:
Assalamu alaikum manyanmu na wannan zaure. Tambaya biyu gare ni a kan damben Tailan, wato Muay Thai. Ta farko, yaya ake koyon bugun gwiwa tun daga tushe? A bidiyo sai ka ga mutum ya ɗan taɓa abokin karawarsa da gwiwa a ciki, wancan ya durƙushe, amma mai koyo in ya bugi buhu sai gwiwar ta zame sama, buhun ko gezau. Ta biyu, ta yaya mutum zai gane malamin da ya san abin da gaske, tunda yanzu ɗakunan motsa jiki da yawa sun rubuta Muay Thai a allonsu? Allah ya saka da alheri.

Koci Garba:
Wa alaikumus salam ƙanena. Zamewar nan da ka ambata ita ce matsalar kusan duk mai farawa, dalilinta kuwa ɗaya ne: ɗaga gwiwa yake yi maimakon ya tura ta. Gwiwar da ta nufi sama fatar buhu kawai take shafa ta wuce. Wadda ke durƙusar da mutum gaba take tafiya, kuma ƙugu ne ke kai ta.

Fara da miƙaƙƙiyar gwiwa, wadda can Tailan ake kira khao trong. Mu ce ƙafar hagu ce a gaba. Ɗan taka ta gaba, taku gajere da bai wuce tsawon tafin ƙafa ɗaya ba, nauyinka ya koma kanta. Tashi a kan gaban tafin, diddige ya rabu da ƙasa. A daidai wannan lokacin ƙafar dama ta taso, ka naɗe ta tamau, diddige ya nufi ɗuwawu, yatsu su kalli ƙasa. Naɗewar ce ke fito da tsinin gwiwa. In ka bar ƙafar a sake, ƙwaurinka zai riga gwiwar isa, ya tokare jikin mutum, ƙarfin ya watse. Sai babban aikin: tura ƙugu gaba har sai ka ji gaban cinyar hagu ya miƙe. Haɓa a ƙasa, hannun hagu a gefen fuska, hannun dama ya kama kafaɗa ko wuya ya jawo. Fitar da numfashi lokacin da gwiwar ta sauka. Sannan mayar da ƙafar inda ta fito, kada ka bari ta faɗo gaba ka tsaya ƙafa a haɗe.

Ga yadda za ka gwada kanka. Manna filasta a jikin buhu daidai tsayin cibiyarka, ka tsaya inda in ka miƙa hannu tafinka zai taɓa buhun. In ka buga ka ga buhun ya lotsa a wurin filastar ya ja baya, ka yi daidai. In ka ji sarƙa ta yi ƙara buhun ya yi tsalle sama, har yanzu ɗagawa kake yi.

Abban Sadiq:
Allah ya ƙara basira, Koci. Abu ɗaya nake so a tsaya a kai. Masu koyo da zarar sun ji an ce tura ƙugu, sai su kwantar da kafaɗu baya, su ɗauka shi ke nan. Ƙugu bai je ko'ina ba, kai ne kawai ya gudu baya. Wanda ya yi haka ya raba nauyinsa biyu, rabi na bin gwiwa, rabi na komawa inda ya fito, kuma tunkuɗar ƙafa guda a ciki ta isa ta zaunar da shi. Ni a ganina kada ma a ambaci kwanciya baya ga mai farawa.

Duk mai so ya ga gwiwa a tsaye ya nemi tsofaffin wasannin Dieselnoi Chor Thanasukarn. Tsayinsa ya kai santimita 188, ya ci kambun filin dambe na Lumpinee da ke Bankok na nauyin fam 135 a 1981, ya kuma doke Samart Payakaroon da maki a filin Rajadamnern a Disambar 1982. Ƙarshenta ajiye dambe ya yi saboda an rasa mai tararsa a ajinsa. Ku lura da ƙirjinsa lokacin da yake bugu, a kan abokin karawa yake, ba ya barin fili.

Koci Garba:
Abban Sadiq, rabin maganarka na karɓa. A cikin cakuma, inda hannunka ke wuyan mutum, babu kwanciya baya, wannan haka yake. Amma gwiwar nesa, wadda ake shigowa da ita da taku ba tare da an riƙe kowa ba, dole saman jiki ya ɗan ja baya kaɗan, domin fuskarka na shiga inda naushi ke kaiwa. Sharaɗin shi ne ja bayan ya zo sakamakon tura ƙugu, kada ya riga shi. Sannan Dieselnoi dogo ne ƙwarai a kan abokan karawarsa, gwiwarsa na isa ƙirjinsu ba tare da ya nemi ƙarin nisa ba. Gajeren mutum in ya kwaikwayi tsayuwarsa sak, gwiwar ba za ta kai ba.

Abban Sadiq:
Na yarda da batun tsayi. Batun tsarin koyarwa kuwa ina nan a kan bakata: a fara da gwiwar riƙo, ta nesa ta biyo baya bayan wata biyu ko uku.

Ɗan Damagaram:
Sannunku da ƙoƙari. Bari in shigo ta ɓangaren 'yan kokawa, tunda yaranmu da yawa daga can suke fitowa. Ɗan kokawa ya zo da jari babba: ya san ma'aunin jiki, ya san jin nauyin mutum ta hannu, wuyansa da bayansa sun ginu. Amma akwai ɗabi'un da in bai bari ba za su cutar da shi. A kokawa sunkuyawa ake yi, ƙugu a baya, kai a ƙasa. A damben Tailan wannan tsayuwar ita ce mafi haɗari, domin ka kawo fuskarka daidai hanyar gwiwa, kuma ratar da ka bari tsakanin ƙugunka da nasa ita ce filin da yake buƙata ya yi bugu. A cakumar Tailan miƙewa ake yi, ƙugu manne da ƙugu, ana tsaye a kan gaban tafin ƙafa, gwiwoyi a ɗan lanƙwashe. Kai ne za ka buɗe rata lokacin da za ka buga, ka rufe ta nan take.

Sai kayarwa. Ɗora mutum a kan kwankwaso a juya shi laifi ne a dokarsu. Haka sarƙe masa ƙafa ta baya da sharaɓa, haka rungume ƙugu a karya shi baya. Abin da aka yarda da shi shi ne ka murɗa saman jikinsa, ka share ƙafar da ya dogara a kai, ko ka tokare cinyarsa da gwiwa ka juya shi. Lokaci mafi kyau kuwa shi ne sa'ilin da ya ɗaga ƙafa zai buga, yana tsaye a kan ƙafa ɗaya.

Na Tudun Wada:
Tunda an shigo cakuma, ga yadda riƙon hannu biyu yake, don kuskure ya yi yawa a ciki. Tafin hannu ba a wuya yake zama ba, a bayan kai yake, sama da ƙeya, kusa da tsakar ka. Wuya na da ƙarfi, in ka ja daga can mutum zai tsaya ƙyam. In ka ja daga sama kansa zai sunkuya ko bai so ba. Ɗora tafi ɗaya a kan ɗaya, kada ka sarƙe yatsu: da safar dambe ba zai yiwu ba, babu safa kuma yatsa na iya gocewa. Sangalin hannu biyu su kwanta a kan ƙashin wuyansa, gwiwoyin hannu a matse waje guda. In suka buɗe, ka ba shi ƙofar da zai zuro hannunsa ya ƙwace ciki.

Abban Sadiq:
Duk abin da ka faɗa daidai ne, Na Tudun Wada, amma ina tsoron Sabon Hannu ya ɗauka wannan ita ce cakumar gaba ɗaya. Wannan riƙon ya yi suna ne a wasu ƙasashe, ba a Tailan ba, musamman bayan Anderson Silva ya ragargaji Rich Franklin da shi a gasar faɗan gauraye ta UFC a 2006. A Lumpinee ko Rajadamnern da wuya ka ga ƙwararre ya bari an riƙe shi haka na daƙiƙa biyar. Zai miƙe wuya, ya manno ƙugu, ya tura kafaɗa, ko ya ɗora safa a fuskarka ya tura.

Rigimar gaske a kan wa zai mallaki ciki ake yin ta. Hannu ɗaya a bayan kai, ɗayan a kan damtsen mutum ta ciki, don ya hana shi naushi da gwiwar hannu. Idan hannunsa ne a ciki, kai ka zura naka ta ƙarƙashi ka maye gurbin, hannu ɗaya bayan ɗaya. Kada ka taɓa sakin biyun tare, a wannan ɗan tsakanin ake sarar mutum da gwiwar hannu. Gwiwar da ke cin maki kuwa bayan juyi take zuwa: ja kansa da hannun dama, tura damtsensa da na hagu, taka gefe, yana ƙoƙarin gyara tsayuwa haƙarƙarinsa a buɗe, sai ka saka. Alƙalan Tailan suna duba bugun da ya shiga sarai ya kuma girgiza mutum, ba yawan taɓe-taɓe ba. A tsarin gargajiya, wasa turmi biyar ne na minti uku-uku da hutun minti biyu, kuma turmi na uku da na huɗu su ke da nauyi a idonsu. Shi ya sa masu salon gwiwa, muay khao, suke tafiya a hankali da farko, su matsa lamba idan abokin karawa ya fara haki. A kalli Petchboonchu na sansanin FA Group, wanda ya taɓa doke Saenchai da wannan salon, ko Lamnamoon Sor Sumalee.

Na Tudun Wada:
Gaskiya ne. Amma mai koyo ya san riƙon hannu biyu tukuna, ko don ya san yadda ake fita daga cikinsa.

Sabon Hannu:
Na gode ƙwarai, iyayen gida. To wanda yake da buhu a gida, nawa zai riƙa yi a rana? Kuma sauran nau'o'in gwiwar fa, irin ta tsalle?

Koci Garba:
Ta tsalle, khao loi, ajiye ta gefe tukuna. Tana da daɗin kallo, amma wanda bai iya tsayawa da ƙafa ɗaya ba in ya tashi sama bai san inda zai sauka ba. Bayan miƙaƙƙiya, biyu suka fi amfani. Akwai khao chiang, wadda ke tasowa a karkace daga ƙasa ta shiga ƙarƙashin haƙarƙari. Akwai khao khong, wadda ake buɗe cinya waje a zagayo da ita ta gefe, cikin gwiwa ya sauka a awaza. Ita ta biyun ana yin ta ne idan an manne sosai babu filin miƙaƙƙiya. Ka tuna hanta a gefen dama take ƙarƙashin haƙarƙari, don haka gwiwarka ta hagu ce ke samun ta. Kada ka zama mai ƙafa ɗaya. Ta hagu tana buƙatar ko dai ka musanya ƙafafu da ɗan tsalle gajere, ko ka taka dama gaba sannan ka buga.

Batun adadi, a wata na farko kwana uku a mako ya isa. Minti goma na tsallen igiya ko sassarfa, sai tafiya da gwiwa ba buhu: taku, bugu, taku, bugu, tsawon tsakar gida, zuwa da dawowa sau goma, a hankali, ka riƙa tsayawa daƙiƙa ɗaya a ƙarshen kowane bugu don ka ji ko kana tangaɗi. Sai buhu, turmi uku na minti biyu, guda-guda da rabin ƙarfi. Rufe da gwiwar riƙo, ka kama buhun ka riƙa musanya ƙafa, hamsin-hamsin. Kowane mako ƙara ashirin. A sansanonin Tailan ana rufe atisaye da ɗari biyu ko uku, amma waɗannan mutane ne da suka fara tun suna yara, suna yi safe da yamma kwana shida a mako. Da zarar ka ga diddigenka ya daina naɗewa saboda gajiya, tsaya. Duk abin da ka ƙara bayan nan kuskure kake haddacewa.

Buhun kansa kada a cika shi da yashi. Yashi na taruwa a ƙasa ya daskare, kuma ƙasan buhu nan ne gwiwa ke sauka. A nemi ragowar ƙyallaye wurin teloli, a yanka ƙanana, a riƙa dannawa da taɓarya ana zubawa. In ana son ƙarin nauyi, a ƙulla yashi kaɗan a leda a sa a tsakiya, ƙyallaye su kewaye shi.

Likitar Ƙashi:
Sannunku. Zan ƙara ta fuskar lafiya, don gwiwa makami ne da ke cutar da mai shi da kuma abokin atisaye.

Ga mai bugu, abin da aka fi gani shi ne kumburi a saman ƙoƙon gwiwa. Akwai wata 'yar jaka mai ruwa tsakanin fata da ƙoƙon, yawan dukan abu mai tauri na sa ta cika ta yi luhu-luhu. A dakata da bugu, a sa ƙanƙara a cikin tawul minti goma sha biyar zuwa ashirin, sau uku a rana. Kada a bari wani ya tsaga ko ya zuƙe ruwan a gida. In wurin ya yi ja, ya yi zafi, ga zazzaɓi, ƙwayar cuta ta shiga, asibiti za a je a ranar. Na biyu shi ne ciwo a gaban ƙugu, inda cinya ta haɗu da mara, wanda ke zuwa idan an ƙara adadi da gaggawa ko an fara ba a ɗumama jiki ba. Na uku, ƙafar da aka tsaya a kai. In tafin ya manne da ƙasa ƙugu kuma ya juya, murɗawar a gwiwa take ƙarewa. Tashin nan a kan gaban tafi da Koci ya faɗa kariya ce ga jijiyoyin gwiwa, ba don ƙarfi kaɗai ba.

Ga wanda aka buga, ƙashin haƙarƙari in ya tsage yakan ɗauki kimanin mako shida. Alamarsa ciwo a waje guda da ke ƙaruwa da tari, dariya ko dogon numfashi. Kada a ɗaure ƙirji tamau da bandeji, yana hana huhu buɗewa. Abin da nake roƙon kowa ya riƙe shi ne wannan: in an bugi mutum a haƙarƙarin hagu, daga baya ya ji jiri, ya yi fari fat, cikinsa ya ƙulle, ko ciwo ya fito a kafaɗar hagu, saifa ce ake zargi, jini na iya zuba a ciki. Haka in an ga jini a fitsari bayan bugu a kwiɓi. Ba a jiran gari ya waye.

Sai fata. Cakuma goga jiki ce da jiki cikin gumi, makero da maruru na yaɗuwa nan da nan. A yanke farce, a yi wanka da sabulu da an gama, mai ƙurji ya zauna gefe har ya warke.

Ɗan Damagaram:
Allah ya biya ki, Likita. Wannan ya kawo mu ga ƙa'idar da ba a saɓawa: a cakumar atisaye ba a sa tsinin gwiwa. Da cikin cinya ake mari a gefen jiki. Miƙaƙƙiya in za a yi, a nuna ta ne kawai a tsayar kafin ta shiga. Ƙarfi na buhu ne da matashin bugu da malami ke riƙewa.

Koci Garba:
To ga tambayarka ta biyu, ƙanena, kuma ita ta fi ta farko nauyi, domin buhu ba ya ja, ba ya juyawa, ba ya ramawa. Duk abin da Abban Sadiq da Ɗan Damagaram suka bayyana sai da mutum a hannunka za ka koye shi.

Kafin ka biya ko sisi, nemi izini ka zauna ka kalli darasi guda daga farko har ƙarshe. Abu na farko da za ka duba: ana cakuma kuwa? A sansanin Tailan na gaske akan ware mata minti ashirin zuwa talatin, galibi da yamma. In darasi ya ƙare ba wanda ya kama wuyan wani, abin da ake koyarwa a wurin wani abu ne daban, ko me aka rubuta a allo. Na biyu, malamin yana ɗaura matashin ciki ya riƙe na hannu da kansa? Dubi yadda yake tarar gwiwa: ya haɗa matasan biyu a gaban ciki, ya ɗan matso ya tare ta, ya kuma riƙa ramawa, ya tunkuɗe ɗalibi, ya share masa ƙafa in ya yi sakaci. Mai tsayawa wuri guda yana ƙirga ɗaya, biyu, uku, gumi kawai zai sa ka. Na uku, dubi ɗaliban da suka shekara, ba malamin ba. In su ma ɗaga gwiwa suke yi, ka ga makomarka. Na huɗu, yadda yake haɗa mutane. Wanda ya haɗa sabon shiga da ƙato ya ce a gwada zuciyarsa, tashi ka bar wurin.

Ka kuma tambaye shi kai tsaye, cikin ladabi: wa ya koya masa, a ina, shekara nawa, ya yi wasa da dokar da ta yarda da gwiwar hannu da cakuma? Mai gaskiya ba ya jin haushin wannan tambayar.

Abban Sadiq:
A ƙara da bambancin kikbosin, don a garuruwanmu malaman da za ka fi samu daga can suka fito, ko daga taikwando da damben zamani. Dokar K-1, wata babbar gasar kikbosin, ta taƙaita riƙo ƙwarai, bayan zamanin da ɗan damben Tailan Buakaw ya ci gasarsu ta MAX a 2004 da 2006. Saboda haka malamin kikbosin zai iya ba ka naushi mai kyau, harbin ƙafa, har da gwiwar nesa, amma cakuma mai tsawo ba fagensa ba ce. Wannan ba aibi ba ne in ya faɗa maka gaskiya. Ka karɓi abin da yake da shi.

Takardar shaida kuma kada ta ruɗe ka. A al'adar Tailan babu ɗamara mai launi irin ta karate. Ana kiran malami kru, kuma abin da ke ba shi daraja shi ne wasannin da ya yi da 'yan damben da ya fitar. Akwai tsarin matakai da wasu ƙungiyoyi suka kawo daga baya, akwai kuma kwas na 'yan makonni da ake ba da takarda a ƙarshensa. Ƙungiyar damben Tailan ta duniya, IFMA, wadda aka kafa a 1993 kuma kwamitin Olamfik na duniya ya amince da ita cikakkiyar amincewa a 2021, ita ke kula da gasar masu yin wasan ba don kuɗi ba. Malamin da ya kai ɗalibai irin wannan gasar ya fi mai takarda a bango.

Sabon Hannu:
Idan mutum Allah ya hore masa, zuwa Tailan ɗin fa? Kuma na ga suna wata rawa da sunkuyawa kafin wasa, ita dole ce?

Na Tudun Wada:
In da hali, zuwan na da amfani, amma a je da tushe. Wanda ya je bai iya tsayuwa ba zai ƙarar da makonninsa a kan abin da zai iya koya a gida. A zaɓi sansani bisa salo, ba bisa suna ba. FA Group a Bankok da cakuma aka san su. Sitmonchai a lardin Kanchanaburi naushi da harbin cinya ne nasu. Manyan wurare irin na Phuket suna da kayan aiki da baƙi masu yawa, sai dai a aji mai cunkoso abokin cakumarka zai iya zama sabon shiga irinka. Tambayar da za ka aika musu kafin ka biya ita ce: akwai 'yan damben Tailan da ke zaune a sansanin, kuma ana barin baƙo ya yi cakuma da su? Yaro ɗan shekara goma sha biyar da ya girma a sansani zai riƙa kayar da kai ba tare da ya ji maka ciwo ba, a nan ilimin yake. Kada ka biya wata guda tun daga gida, biya na kwana biyu ko uku ka gani. Watan Afrilu ne mafi zafi, daga Nuwamba zuwa Fabrairu an fi samun sauƙi. Chiang Mai kuma hayaƙin ƙona gonaki na rufe ta daga wajen Fabrairu zuwa Afrilu, gudun safe na wahala. Ɗan Najeriya na buƙatar biza da katin rigakafin shawara, akwai ofishin jakadancin Tailan a Abuja, a tabbatar da sharuɗɗa a can kafin a sayi tikiti.

Rawar kuwa ita ce wai kru ram muay, girmamawa ce ga malami da iyaye, a cikinta akwai durƙusawa a kai goshi ƙasa sau uku, da igiyar kai da ake kira mongkhon. Kafin wasa a fili ake yin ta, ba a atisayen yau da kullum ba. Wanda ya je koyo kawai ba zai ci karo da ita a matsayin dole ba. Wanda zai hau fili kuwa ya tambayi malaman addini hukuncinta tun yana gida, ya kuma yi magana da kru ɗinsa tun kafin a sa ranar wasa. Akwai Musulmi da yawa a Tailan, musamman a kudu, batun ba baƙo ba ne a wurinsu. Gajeren wandonsu ma ana sa dogon matsattse a ƙarƙashinsa a atisaye, ba mai hanawa.

Ɗan Damagaram:
Wanda kuma babu malami a garinsu, babu kuɗin tafiya, ya nemi aboki ɗaya mai kusan nauyinsa, bambancin kada ya wuce kilo biyar. Ku sa robar haƙori da kofin kariyar al'aura. Turmi na farko na minti uku, musayar hannu kawai, ana neman ciki, babu bugu. Na biyu a ƙara juyi. Na uku a ƙara marin cikin cinya. Ku jingina waya a gefe ta ɗauke ku tun daga kai har ƙafa, ku duba abu biyu: ƙugu ya ja baya? kai ya sunkuya? Wuya zai yi tsami a makon farko, don haka kwana biyu a mako ya wadatar, da hutun kwana biyu a tsakani. A kan tabarmar roba ko yashi mai laushi za ku yi, ban da siminti.

Koci Garba:
Ƙari ɗaya a kan na Ɗan Damagaram. Ku yanke tun farko cewa duk wanda ya ji an murɗa masa wuya fiye da kima zai tafa kafaɗar ɗan'uwansa sau biyu, a saki nan take. Sabon Hannu, in ka yi mako huɗu a kan buhun, ɗauki bidiyon gwiwa goma ta dama da goma ta hagu daga gefe, ƙafar da ka tsaya a kai ta fito sosai, ka turo nan mu duba.